Christina Mai Bes da Amfilifayar Yayanta

A Gwarinpa, idan ana shirin biki ana neman kiɗan da zai tayar da mutane daga kan kujera, sunan da ake fara ambata shi ne Christina mai bes. Gajeriyar mace ce mai jiki, ba ta da yawan magana. A ranakun aiki tela ce, tana da ɗan shago a bakin kasuwar Karmo. Ranar Asabar kuwa sai ta rataya jitar bes mai tsirkiya huɗu, wadda ta kusa kai tsayinta, ta tsaya gaban akwatunan sifika da suka fi ta tsawo. Waɗanda suka san ta tun tana budurwa suna cewa ba son kiɗa ne ya kai ta nan ba, ƙullaci ne.

A Mpape aka haife ta, mahaifinta yana aikin fasa dutse. Su biyu ne wurin iyayensu, ita da yayanta Thaddeus, kuma shi ne makaɗin gidan. Da ya girma sai ya shiga ƙungiyar kiɗa ta wani Alexander, mawaƙi mai buga kibod, wanda yake da shagon hayar kujeru da rumfuna a Gwarinpa. Thaddeus ya daɗe yana lodin tifa kafin ya mallaki kayan kansa: tsohuwar jitar bes, da baƙar amfilifaya ta hannu, irin wadda inji da sifika suke cikin akwati ɗaya. A baro ya turo ta har saman tudu, unguwa ta fito kallo. Christina, da take koyon ɗinki a lokacin, ita ta ɗinka wa amfilifayar riga da yadi mai kauri saboda ƙurar dutse. Shi kuma ladan da ya ba ta shi ne ya riƙa koya mata inda ake ɗora yatsu, da yamma, idan ya dawo daga aiki.

Bayan rasuwar mahaifinsu suka koma Karmo da mahaifiyarsu. Can rusau na 2006 ya same su. Da aka shafa jan fenti a bangon gidan da suke haya, Thaddeus ya ɗauki amfilifayar ya kai ajiya shagon Alexander, ya riƙe jitar kawai. Ba su gama samun wurin zama ba tifar da yake bi ta ƙwace a gangaren Mpape. Ko asibiti ba a kai da shi ba.

Da aka share makoki, Christina da mahaifiyarta suka je karɓar ajiya. Sun tarar da Alexander a ƙofar shago da abokansa. Ya yi musu gaisuwa yadda ya kamata, ya sa aka kawo musu kujeru. Amma da aka zo maganar amfilifaya sai ya ce ai kayan ƙungiya ne, marigayi amfani kawai yake yi da su. Christina ta ce a gabanta yayanta ya turo ta a baro.

"Ƙanwata, to in na ba ki me za ki yi da ita?" in ji Alexander. "Keken ɗinki za ki ɗora a kai?"

Abokansa suka yi dariya. Mahaifiyar ta kama hannun 'yarta suka miƙe. Suna fita Christina ta ga rigar da ta ɗinka an yage ta gida biyu, ana goge kujerun haya da ita.

A hanya tsohuwar ta ce a bar wa Allah, ba su da kowa, ba su da takarda. Christina ta ce ba za ta je wurin 'yan sanda ba, ba za ta je wurin dattawan coci ba, amma sai ta raba mutumin nan da kasuwarsa ko da za ta tsufa tana yi.

Shekarun farko ba ta da abin da za ta jona jitar da yayanta ya bari. Sai ta riƙa jingina kan jitar da ƙofar kabad ɗin katako, katakon ya ɗauki sautin, ta kasa kunne. Daga baya ta samu shiga cikin makaɗan cocinsu, inda ake jona kowa a tsohuwar lasifika guda, bes ɗin ba ya ko fitowa. Ta yi aure da James, direban a-kori-kura, mutum mai haƙuri, wanda tun suna neman aure ta faɗa masa labarin Alexander, shi kuma ya ɗauka zafin rashi ne, zai wuce.

Sayayyarta ta farko asara ce. Ta ga wata ƙatuwar lasifika irin ta masu tallan magani, ta saya don kawai ta fi ta yayanta girma. Ranar da ta fara fita da ita, a wani bikin suna, tana taɓa tsirkiya mai kaurin takardar sifikar ta yage, sauti ya koma kamar ana jan kwano a siminti. Labari ya kai wa Alexander, ya mayar da shi abin ba'a a wuraren biki. Wannan ma ya dawo kunnenta.

Ta ɗauki gawar lasifikar ta kai wa Malam Musbahu, mai gyaran rediyo da naɗin sifika a layin 'yan lantarki na Karmo. Ya duba ya ce wannan an yi ta ne don muryar mutum, ba don bes ba. Sannan ya shiga yi mata tambayoyi: a ɗaki za ta riƙa kiɗa ko a fili, wa zai riƙa ɗaukar kayan, wane irin janareta za a jona.

"Malam, abu ɗaya nake so," ta ce. "Idan na buga, makaɗin da ke tsallaken fili ya kasa jin kansa."

Musbahu ya fara dariya, da ya ga fuskarta sai ya bari. Ya ce to ta manta da amfilifaya mai akwati ɗaya. Tana da sauƙin ɗauka, amma ƙarfinta yana da iyaka, kuma idan ɓangare ɗaya ya mutu an zauna ke nan. Gara ta nemi inji daban, akwatin sifika daban. Ya ce babbar sifika mai inci goma sha biyar ita ke ba da nauyin da ake ji a ƙirji, sai dai a fili sautinta yakan dagule. Akwati mai ƙananan sifiku huɗu kuma yana fitar da kowane bugu tas, yana kai wa nesa, amma bai kai waccan zurfi ba. Ya ce ta zaɓi ɗaya. Christina ta ce duka biyun take so. Ya ce ta tausaya wa bayan mijinta. Ta ce James ya saba da lodi.

Neman injin ne ya ci lokaci. Duk ranar da ɗinki ya yi sauƙi sai ta saɓa jitarta ta bi shagunan kayan hannu, daga Karmo har Wuse. Tana da hanyar gwajinta. Za ta jona, ta buga, sannan ta miƙa wa mai shago jitar ta ce ya riƙa taɓa tsirkiya mai kaurin, ita kuma ta fita ta tsallaka titi ta tsaya tana saurare cikin ƙarar motoci. Masu shaguna suka gane ta, wasu suna hango ta sai su ce babu wuta. Ta ƙi wani mai fitilu ja da kore, ta ce daga nesa ƙararsa kamar ƙudan zuma a tulu. Akwai wani mai daɗin murya da James ya so, har ya ce shi ya fi kama da na marigayi. Ta saurara ta yarda yana da daɗi, ta ce amma ba daɗi ta fito nema ba. A ƙarshe ta tsaya kan wani mummuna, fuskarsa duk ƙarzuwa, mai nauyi kamar bulo, da fanka a bayansa. Sai da ta sayar da injin surfaninta kafin ta ɗauke shi.

Musbahu ya zaɓo sifikun da suka dace da abin da injin zai iya ja, don ya ce idan aka ɗora masa fiye da ƙarfinsa zafi zai yi ya mutu. Kafinta ya ƙera akwatuna biyu da falanki mai kauri, aka bar musu ƙofar iska a gaba. Aka ƙara da sitabilaiza saboda haukan janareta. Ranar gwaji a ƙofar shagon, kwanukan rufin layin gaba ɗaya suka ɗauki rawa, mai shayi ya fito yana riƙe da kofunansa.

Daga nan ta shiga cin kasuwar Alexander a hankali, kuma ɗinki ne ya ba ta hanya. Tela yana jin labarin biki kafin makaɗi, tun da anko ake fara kawowa. Duk uwar amaryar da ta shigo shagonta, Christina za ta tambaye ta wa zai yi kiɗa. Idan an ce ba a tsayar ba, sai ta ci gaba da awo. Idan aka ce Alexander, sai ta ajiye tef ta ce ita za ta ɗinka ankon ta kuma yi kiɗan, a sauƙaƙe. Mai gangarsa, Zacharias, da ya gaji da zagi a gaban mutane, ya dawo wurinta. Mawaƙiya ɗaya ta biyo shi.

Sun haɗu fuska da fuska a 2018, a wani biki da aka yi da rana a filin wata makaranta a Gwarinpa. Dangin ango suka ɗauko Alexander, dangin amarya suka ɗauko Christina, babu wanda ya yarda ya janye. Aka kafa rumfuna biyu suna kallon juna, mai gabatarwa ya ce za a riƙa yi bi da bi. Tun tana saita kayanta ta hango baƙar amfilifayar a wancan gefen, ta ƙoɗe, an ɗaure hannunta da waya, sabon mai bes ya ɗora ƙafa a kanta.

Da lokacin Alexander ya cika bai tsaya ba, ya zarce da wata waƙar. Christina ta ɗaga wa Zacharias kai suka shiga. Ba ta fara da ƙarfi ba. Ta bar sautin ya bi ƙasa, sannan ta ƙara kaɗan. Matan da ke rawa a tsakiyar fili suka fara juyowa ba tare da sun lura ba, don ƙafa bes take bi. Ta ƙara. Makaɗan Alexander suka fara saɓa wa juna, ba sa jin kansu. Sai ta ga Alexander ya bar kibod ɗinsa, ya ture mai bes, ya murɗa amfilifayar har ƙarshe.

Christina ta san abin da zai biyo baya. Ta san wannan akwatin tun yana sabon zuwa gidansu, ta san ba ya jure a matsa masa. Da ta sassauta, da shi ma ya sassauta. James, da yake tsaye bayan akwatunan, ya kira sunanta. Ta kai hannu ta ƙara nata.

Ba a daɗe ba sautin wancan gefen ya fara kakari, sannan ya ɗauke. Hayaƙi ya fito ta bayan akwatin, warin ƙonanniyar roba ya cika rumfar, aka ruga aka kashe janareta. Christina ba ta tsaya ba sai da ta kai waƙar ƙarshenta, filin duka yana gabanta.

Lokacin da ake rabon abinci Alexander ya tsallako, babbar rigarsa ta jiƙe da gumi.

"Kin ga abin da kika jawo? Kayan yayanki ne fa kika ƙone."

"Ashe ka san nasa ne, Oga," ta ce, ta ci gaba da naɗe wayarta.

A gida abin bai yi daɗi ba. Da mahaifiyarta ta ji, ta yi kuka kamar ranar mutuwar, ta ce abu na ƙarshe da ɗanta ya yi wa gumi shi Christina ta ƙone da hannunta. Ta daɗe ba ta amsa gaisuwarta da sakin fuska. Christina ta ba ta haƙuri kan kukan, amma ta ce ko yau aka sake haka za ta yi. Bayan 'yan kwanaki Alexander ya aiko da ƙonanniyar amfilifayar a keke, ba saƙo. Musbahu ya buɗe ya ce babu abin tsira sai katakon. Tsohuwar ta sa aka kai mata ɗakinta.

Alexander bai sake haɗa ƙungiya ba. Ya tsaya kan kujeru da rumfuna, kuma ko a nan ba ta ƙyale shi ba: duk mai bikin da ya yi hayar rumfarsa, takan ce masa ya nemi wani makaɗin. Fastonta ya taɓa zaunar da su don sulhu. Ta miƙa wa Alexander hannu, ta ce ta yafe a matsayinta na Kirista, amma kasuwa kasuwa ce.

Bana bayan James ya fara ciwo da gaske, likita ya hana shi ɗaukar nauyi. Ya lallashe ta suka je Wuse ganin sababbin injuna, irin ƙananan nan da mutum zai saka a jaka, da akwatuna marasa nauyi. Ta jona, ta tsallaka titi kamar yadda ta saba, ta dawo ta yarda cewa sun kai nata ƙarfi, har ta fara maganar sayar da tsofaffin akwatunan. Cikin hira sai mai shagon ya ce ai babban ɗan Alexander, Wisdom, ya zo makon jiya, yana haɗa ƙungiyar kiɗa a Kubwa, uban ne ma ya rako shi. Christina ta tambayi wane inji suka duba da sifika nawa. Mai shagon ya nuna mata. Ta ɗan jima tana kallon kayan, sannan ta ce a ɗaure mata sabon injin, amma akwatunanta na nan ba na sayarwa ba ne, a ƙara mata da na uku. James ya zauna kan benci ya riƙe ƙugu, ita kuma ta fita neman masu lodi.