Tabarmar Inna a kan eriya

Jama'a, yau na yi magana ta tauraron ɗan'adam! Wataƙila na rikita wani wurin.

Ina Kankia, ina juya eriyar rediyonmu da ke tsakar gidan su abokina Sani a Kusada ta kwamfuta. Minti goma kawai tauraron ke yi a samanmu. Na danna, eriya ta ƙi motsi! Na kira Sani.

Ya ce, "Kai, Inna ce ta shanya tabarma a kai!"

Ya miƙa mata wayar. Na ce, "Inna, don Allah, saura minti uku!"

Ta ce, "Ɗan nan, ai ba ta bushe ba!"

Amma ta sauke. Eriya ta juya, sai ga wani Bature, ina jin daga Sifen, yana maimaita lambar kirana ta rediyo!

Sani, in na yi kuskure ka gyara min.