Ranar da Aka Hana Ni Zuwa Makaranta a Keke

Shekarun baya, ina aji biyu a ƙaramar sakandare, makarantarmu tana cikin garin Roni, ƙauyenmu kuma tafiyar awa guda ce da 'yan kai a ƙafa. Sai na ɗebo ruwa na yi wanke-wanke kafin in fito, don haka kusan kullum a makare nake isa. A bakin ƙofa kuwa mataimakin shugaban makaranta yana tsaye da bulala, biyar-biyar a tafin hannu.

Da yayana zai tafi Kano koyon sana'a, sai ya bar mini kekensa. A hanyar gona na koya. Sau biyu ina afkawa cikin ƙaya, sau ɗaya na bi ta kan akuyar maƙwabta. Ita ta tashi garau, ni na yi kwana uku ina ɗingishi.

Ranar da na fara zuwa makaranta da keken, na isa tun ba a kaɗa ƙararrawa ba. Ina ta washe baki, a zatona yabo zan sha. Sai mutumin nan ya kira ni gaban ɗalibai duka.

"Ke! Wa ya ce miki mace tana hawa keke? Kada in ƙara ganin shi a nan."

Ga kekunan maza can jere a gindin darbejiya, babu wanda ya ko kalle su.

Da kuka na koma gida. Washegari mahaifiyata ta sa hijabinta ta biyo ni a ƙafa har ofishinsa. Bayan sun gaisa ta ce, "Malam, in ta zo a ƙafa ka doke ta, in ta hau keke ka kore ta. Ta sama kake so ta biyo?"

Ya ce, "Baba, mutuncinta muke karewa."

Ta ce, "Dukan da kuke mata kullum a bakin titi fa, shi ne mutuncin?"

Ya kau da kai, amma bai janye ba. Da muka fito, ta roƙi wata tsohuwa mai ƙosai a bayan makarantar in riƙa ajiye keken a zaurenta. Haka na ƙarasa makarantar: in ɓoye shi, in kakkaɓe siket, in shigo a ƙafa kamar ban yi komai ba.

Yanzu ni ma malama ce, amma har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ina ɓoyon keke kamar sato shi na yi, laifina kawai ina son in riski darasin farko.

Abin da ya fi ci mini rai ƙawata ce da muke tafiya tare. Tana da keken babanta a gida, amma da ta ga abin da aka yi mini ba ta yarda ta taɓa shi ba. Ta gaji da tafiya da bulala, ta daina zuwa. Ta fi ni lissafi nesa ba kusa ba. Yau in muka haɗu a kasuwa ta ce mini "Malama", sai in rasa inda zan sa idona.