Kason Kwamfutar Kawu

A shekarar da na gama sakandare na daina shiga mota. Na je Kaduna rajistar jarrabawa, a hanyar dawowa mutanen daji suka tare mu. Ban ga fuskar kowa ba. Ƙarar babura na ji da harbi, direba ya ce kowa ya yi ta kansa, na faɗa wani kwazazzabo na kifa fuska, tururuwa na cizona ina musu godiya a zuci don su ba sa tafiya da mutum. Har yau in murfin tukunya ya faɗi sai na nemi ƙasa. Ko yanzu da nake rubutun nan bayana na jikin bango, idona na kan ƙofa.

Ina cikin wannan hali Yaya, wadda nake bi, ta ce za ta bi hanyar. Tana shekarar ƙarshe a jami'a, karatun kwamfuta take, hutu ya kawo ta gida hanya ta ɓaci ta maƙale. Malamin da ke duba aikinta ya aiko cewa ko dai ta gudanar da shi a kan kwamfuta huɗu a haɗe ta turo masa sakamako, ko ta zo makaranta ta yi a ɗakin kwamfutocinsu kafin a rufe karɓa. In ta rasa duka biyun, sai baɗi. Motoci a lokacin ba sa tashi sai an taru an samu rakiyar sojoji, an kuma ce ƙarshen makon za a tashi.

Ni dai ga abin da na fahimta: in an samu kwamfuta huɗu a Birnin Gwari suka yi aikin, Yaya ta zauna. In ba su yi ba, ta shiga mota.

Ta yi mini bayanin aikin ina tsince shinkafa. Hotunan dajinmu ne da gonakin bakinsa, an ɗauke su daga sama, tun daga wajejen Dogon Dawa har Kusasu. A wurin kwamfuta hoto lambobi ne kawai, a jere, layi bisa layi. Akwai wani lissafi da ke bin lambobin yana tsamo abin da ke maimaita kansa, wanne ke dawowa kusa-kusa, wanne nesa-nesa. Gonar da aka yi wa huɗa kunyoyinta na maimaita kansu a tsare, wadda aka gudu aka bari kuwa ciyawa ta shafe su. Da haka za a gane ko gonaki nawa ake nomawa har yanzu. Na ce in wannan ne ta tambayi masu awon hatsi a kasuwa su faɗa mata kyauta. Ta ce ba a kasuwa ake ba da maki ba.

Lambobin sun fi ƙarfin cikin kwamfuta ɗaya, shi ya sa ake yanka su. Kowace a ba ta nata layukan, ta yi musu lissafin daga hagu zuwa dama. Sai a koma daga sama zuwa ƙasa, kuma a nan rigimar take, don layin da ya sauko daga sama ya ratsa ta kason kowa. Dole kowace ta yayyanka abin da ta gama ta miƙa wa sauran ukun, ta karɓi nasu, kamar yadda kwanuka ke yawo tsakanin maƙwabta ranar Sallah. Ba a kammala musayar sai kowa ya kawo nasa. Wadda ta riga gamawa sai ta zauna ta jira.

Kwamfutar Yaya ce ta ɗaya. Maƙwabciyarmu ma'aikaciyar asibiti ta ba mu tata, da sharaɗin a dawo da ita kafin Lahadi don waƙoƙin cocinsu na ciki. Mai shagon buga takardu na bakin kasuwa ya ba da ta uku. Ta huɗu a falon Kawu take.

Kawu wan Mama ne, tsohon ma'aikacin ofis. Da ya yi ritaya ya sayi kwamfutar, irin mai akwati a ƙasa da ƙaton kai a sama, ya lulluɓe ta da zane mai sirfani kamar kayan ɗakin amarya. Ba a taɓa ta, shi ma bai cika taɓa ta ba. Amma janareta nasa ne, falo nasa ne, don haka can muka kwashi wayoyi muka haɗa huɗun ta wani ɗan akwati mai ƙyafta fitilu.

Yaya ta yi rabonta bisa ƙarfin kowace kwamfuta, ta Kawu ta samu kaɗan. Kuskurenta ɗaya, ta bar rabon yana fitowa a allo. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana karanta lambobi ba a ɓoye masa lamba. Ya sa tabarau, ya tambayi wanne ne nasa, ta nuna masa. Ya cire tabarau.

"Wato ni ne ƙarami a ɗakin nan."

"A'a Kawu, ƙarfin inji aka duba. Taka ta ɗan kwana biyu."

"Ni ma na kwana biyu. A gidan wa kika taɓa ganin an ba babba ƙashi, yara sun kwashe tsoka?"

Yayar nan tawa da ke musu da malaman jami'a har su gaji, sai ta sunkuyar da kai ta ce to. Ta ba ta Kawu rabin layukan cur, ukun suka raba saura.

Aka kunna. Kafin shayin Kawu ya huce ukun sun gama nasu sun yi tsit. Tasa kuwa ta kama nishi kamar tsohuwa ta hau tudu da tulu. Aka ba ni mafici aka ce in riƙa yi mata fifita. Kawu ya gyara zama ya ce mu lura, manya ba sa gaggawa. Wajen la'asar ta yi zafi ta mutu. Sauran ukun babu wanda ya sanar da su rasuwar, suna nan suna jira da ladabi. Yaya ta kashe su, aka koma farko.

Washegari ma haka, sai dai wannan karon janareta ne ya yi wani tari mai ƙara. Ban san lokacin da na shige ƙarƙashin tebur ba, na fito da waya a wuya, na tsinke musu zumunci gaba ɗaya. Kawu ya ce to ga mai ɓata aikin nan an gani, a daina zargin injinsa.

A hanyar gida na ce wa Yaya ta sa allon ya nuna masa rabi, a ciki ta ba shi kaɗan. Ta ce abin da allon ya nuna shi za ta tura wa malaminta, kuma ita ba za ta yi wa wan uwarta ƙarya yana zaune kusa da ita ba. Na ce to ki faɗa masa gaskiya. Ta ce wannan ma ba za ta iya ba.

Da safe na tarar tana gugar hijabinta, jaka a buɗe a kan gado. Ta riga ta aika wa direba ya ajiye mata kujera. Na tsaya ina kallon dutsen guga yana kai da kawowa, ƙasar kwazazzabon nan ta dawo mini a hanci. Na wuce gidan Kawu, ita da Mama suka biyo ni don sun ga yanayin fitata.

Na durƙusa na gaishe shi yadda aka koya mini, sannan na ce, "Kawu, kwamfutarka ta tsufa. Ko goro ba za ta iya taunawa ba, kai kuma ka ɗora mata rabin sa. In Yaya ta shiga motar nan, kai ka saka ta."

Babu kalmar da ta faɗi ƙasa. Kawu ya dube ni. Sai ya ce a zare wayoyin nan daga jikin kayansa, a mayar da zane, a kuma fitar masa da na mutane daga falo. Ka ga na gyara: da muna da huɗu ɗaya na nishi, yanzu uku ne babu wuta.

Mama ba ta kalle ni ba. Ta zauna a bakin tabarma ta gaishe shi kamar yanzu ta gan shi, ta tambayi ƙafarsa, ta tambayi masara. Sannan ta shiga zancen layya, wai ta tuna tun suna gidan mahaifinsu ba a sa wa naman hannu sai ya zo.

"Alhaji, ni tun tasowata ban taɓa ganin ka ci kaso mafi yawa ba. Wuƙa ce a hannunka. Kai ke rabawa, mu mu tauna, kai ɗan hanta ya ishe ka."

Ba ta ambaci haƙoransa ba, duk da kowa a ɗakin ya tuna da su. Ta juya ta tambayi Yaya ko a wannan aikin nasu babu mai rabo, kowa wawaso yake. Yaya ta ce akwai. Ɗaya daga cikin huɗun ce ke miƙa wa kowa kasonsa tun farko, in an gama kuma wurinta ake dawo da komai. Ta ce kwamfutarta ta ba wannan aikin.

"Wato ke kike rabo ina zaune," in ji Kawu.

Aka yaye zane. Kwashe hotunan zuwa cikin ta Kawu kaɗai ya cinye hantsi, ina ta fifita. Yaya ta mayar da ita mai rabo, ta bar mata 'yan layuka na ɗanɗano. Da ya ga an rubuta sifili a gaban sunan injinsa sai na ce shi ke nan, mun sake mutuwa. Yaya ta ce a wurinsu daga sifili ake fara ƙirga, babu kowa a gaban tasa. Ya gyaɗa kai ya ce dama haka ya kamata.

Ta Kawu ta raba, ta tauna ɗan nata, ta gama kusan tare da yara. Fitilun ɗan akwatin suka rikice da ƙyaftawa, Yaya ta ce musayar ce, kada kowa ya motsa. Ni na riƙe ƙafar tebur don kada jikina ya yi mini shawara. Bayan azahar wani abu ya fito a allo, baƙi da ɗigo-ɗigon haske. Kawu ya ce shi bai ga gona ko ɗaya ba, amma aikin ya yi kyau. Yaya ta hau tudun bayan gidansa inda sabis ke kamawa, ta tura.

Amsa ba ta zo ranar ba. Jaka ta kwana a ɗaure. Da safe direba ya aiko cewa sojoji sun iso, Yaya ta sa hijabi, ta koma tudun ta ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Ina tsugune a ƙasa ina kallon ƙafafunta. Can ta ce malam ya gani, ya karɓa, ba sai ta zo ba. Sai dai yana son ta rubuta masa dalilin da ya sa kason kwamfuta ɗaya ya yi ƙanƙanta haka.

Na kwance jakar da kaina, na jefa ta saman sif ɗin Mama inda sai da kujera ake kaiwa. Kawu har yanzu in na gaishe shi da hanci yake amsawa, ni kuwa ina ƙara masa da tambayar lafiyar inji.

Daga tsakar gida muka ji tashin motocin. Mama ta ce kujerar ba ta tafi haka nan ba, wata yarinya daga unguwar asibiti aka ba. Aka zuba mini koko na riƙe kofin har ya yi sanyi, ina ta tunanin ko ita ma tana da ƙanwa.