Kakata da Kalmar "Best"

Kakata ta wajen uba tela ce, ita ta ɗinka duk rigunan ƙuruciyata. Turanci bai taɓa damunta ba, sai ranar da ta ji ina ce wa kakata ta wajen uwa "best" a waya.

"Mene ne kuma bes?"

"Wadda ta fi kowa, Kaka."

"Har da ni ke nan?"

Tun daga ranar, almakashinta bes ne, kyanwarta ma bes ce, duk a gabana. Da rigata ta yage na kawo mata, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Kai wa bes ɗin taki, wadda ko zare ba ta iya zura wa allura ba."