Ƙafar da Anselmo Ya Sauke

Duk wanda ya saba hawa acaɓa a bakin kasuwar San Pedro ya san Anselmo Paulino, dogon nan mai furfura a gemu, wanda ko filin besbol ya gifta ana ta ihu ba ya juya kai. Wasu suna cewa girman kai ne. Ba su san komai ba.

A ƙauyen masu saran rake aka haife shi, inda ubansa Ceferino ya ƙarar da ƙarfinsa da adda a hannu. Kamar kowa a tsibirin nan, da sandar tsintsiya da murfin gorar ruwa ya koyi bugu. Murfi kuwa ba ya tafiya a miƙe, lilo yake yi a iska, don haka Anselmo ya saba ɗaga ƙafar hagu yana jira, sai murfin ya iso ya sauke ta ya kai duka. Ko da aka ba shi sanda da ƙwallo na gaske, ƙafar ba ta daina tashi ba. Abin ba kyan gani, amma in ƙwallo ta haɗu da sandarsa, ƙarar takan sa mai wucewa ya waiwaya.

Yana da shekara goma sha bakwai wata ƙungiyar Amurka ta ɗauke shi zuwa sansaninta na horo a bakin teku. Kakar wasa uku ake ba mutum. Wanda bai samu kujera a jirgin Amurka ba, sai ya tattara ya koma rake.

Wasan nan ba shi da tausayi. An jefo ƙwallo ka buga, in ta faɗi inda babu kowa ka ci. In ta faɗa hannun mai tsaron fili ka fita, ko da ka yi mata dukan da zai fasa bango. Wanda ya ci uku cikin goma shi ake kira gwani, kuma Anselmo yana cikinsu har watan Yuli na kakarsa ta ƙarshe. Daga nan sau ashirin da biyu a jere yana narka wa ƙwallo duka tana tafiya tsaf cikin hannun wani. Abokin ɗakinsa Wilfredo kuwa sai sanda ta karye masa, ƙwallon ta yi ɗan tsalle ta faɗi a tsakiyar mutum uku suna kallon juna, a rubuta masa ci. Baƙin ciki ya hana Anselmo cin abinci.

Mai koya musu bugu wani tsoho ne, Don Fermín. Idonsa ya yi rauni, da kunne yake aiki. Ya ja Anselmo gefe.

"Kada ka taɓa komai, ɗana. Ina jin ƙarar, tana nan yadda take. Rabo ne bai zo ba."

"Maigida, ƙara ake rubutawa a allo?"

"Na dai faɗa maka. Ka bar ƙafarka inda Allah ya ajiye ta."

Ranar Lahadi ya je gida. A ƙasar nan kuwa babu wanda ba malamin bugu ba ne, har wanda bai taɓa riƙe sanda ba. Masu wasan domino a ƙofar kanti suka yi masa caa.

"Ga mai kyauta nan! An ce har hannu kake kai musu."

"Kai, sandarka ce ta yi nauyi."

"Wace sanda? Baki aka yi masa. Ka wanke ta da giyar rake ka gani."

Duk wannan dariya ya yi. Amma da ya zauna gaban shinkafa da wake, sai Ceferino, wanda bai taɓa sa baki a wasan ɗansa ba, ya ajiye cokali.

"Ni ban san wasanku ba. Amma wanda zai sari rake ba ya tsayawa da ƙafa ɗaya. Ka dasa ƙafar nan a ƙasa."

Mutumin da hannunsa ya kanannaɗe domin ya ciyar da kai, ta yaya za ka ce masa bai sani ba? Ranar Litinin Anselmo ya dasa ƙafa. Don Fermín bai gani ba, amma bugun farko ya ɗago kai ya ce, "Wane ne wannan?"

Ƙarar ta tafi. Da yana buga wa mutane a hannu, yanzu iska yake duka. Bayan kwana goma ya nemi komawa tsayuwarsa ta da, sai ya tarar bai san lokacin da ƙafar take tashi ba, domin bai taɓa tunani a kai ba. Ya ɗaga da wuri, ya ɗaga a makare. A ƙarshen Agusta aka miƙa masa jakarsa, Wilfredo ya hau jirgi.

Ya yi saran rake, ya yi dako a tashar jiragen ruwa, daga baya ya samu acaɓa. Abin da ya riƙe zuciyarsa duk shekarun nan shi ne cewa rashin sa'a ce ta kayar da shi, bugu ashirin da biyun nan. Wannan kam, mutum yana iya haɗiye shi.

Shekara ashirin da shida bayan haka wani tsoho mai sandar makafi ya tsayar da shi zai je asibiti. Daga murya tsohon ya gane shi.

"Mai ƙafa! Kai ne?"

"Ni ne, maigida."

Suna cikin tafiya Don Fermín ya matso bakinsa kusa da kunnensa. "Ban taɓa faɗa maka ba. Makon da kake ta buga musu a hannu, na riga na sa sunanka a jirgi. Na ce wa Turawan su manta da allo, yaron nan yana fasa ƙwallo, suka yarda. Suka turo mutum ya ganka da ido kafin a sa hannu. Ranar Laraba ya zo."

Anselmo ya tuna. Ya san wace Laraba ce: kwana biyu bayan ya dasa ƙafa.

"Mutumin ya tambaye ni ina yaron da nake faɗa. Wa ya ce ka sauke ta, ɗana?"

"Ni na ga dama, maigida."

Da yamma ya koma gida. Ceferino yana zaune a baranda, ya tsufa ƙwarai, yatsunsa ba sa iya riƙe cokali. Anselmo ya ɗauko kwanon dakakkiyar ayaba ya zauna gabansa, maganar tana cike da bakinsa. Daga rediyon maƙwabta aka ji filin wasa ya kaure da ihu. Tsohon ya girgiza kai, ya faɗi abin da yake faɗa duk lokacin da ya ji wasa.

"Laifina ne. Da na yi maka maganar ƙafar nan tun kana ƙarami, da yanzu kana Amurka."

Anselmo ya dubi hannuwan nan. Ya ɗebo abinci a cokali, ya hura.

"Haka ne, Baba," ya ce. "Buɗe bakinka."