Gurbin Mutum Guda a Motar Kebbe

Jama'a, wallahi tallahi wannan abu da ni ya faru, shekarun baya da ake faɗaɗa babbar hanyar da ta ratsa Tambuwal ta koma tagwaye, saboda cunkoso da haɗurran da suka ci mutane ba adadi. Aikina riƙe tuta, ja da kore, in tsaida motoci kada su hau ɗanyar kwalta.

Ni na kai Ummaru aikin, ɗan ƙanin babana ne, ko gaida injiniya bai iya ba, amma kafin damina sai ga shi bisa rola yana daɓe kwalta, da rumfa a kansa, ni ina ƙasa rana na gasa ni. A garinmu Jabo har "direba" ake ce masa! Hassada ta ci ni, ba zan ɓoye ba.

Wata Laraba da rana tsaka na hango tsohuwar motar fasinja tafe, an rubuta Kebbe a goshinta, sai zuciya ta ce ɗaga mata kore ta ɓata masa aiki, injiniya ya sauke shi. Na kuwa ɗaga.

Ta tsaya gabana, ba ƙarar inji. Fasinjoji cike, duk sun sunkuyar da kai, ba mai ko tari. Direban, wani dattijo, ya ce, "Sannu mai tuta, kai ka buɗe muna hanyag ga? Mun daɗe muna jira. Gurbin mutum guda ya rage, kai ko wani?"

Na rantse da Allah ban ce uffan ba. Amma na waiga na dubi Ummaru.

Dattijon ya gyaɗa kai, ya ja mota ta bi ta kan kwaltar. Na ruga in ga ɓarna, ko sawun taya babu. Innalillahi! Ummaru ya sauko yana murza ido, ya ce, "Yaya, wa ya kira ni cikin mota?" Sauran ma'aikata suka ce ba motar da ta wuce.

Zazzaɓi ya kwantar da shi ran nan, ran Juma'a muka binne shi. Bayan sadakar uku injiniya ya miƙo min makullin rolar, na kasa karɓa.

Ku kiyayi hassada, 'yan'uwa, ba sai baki ya furta ba. Har yau in mota ta rage gudu kusa da ni, ƙasa nake duba.