Jar Allura a Taswirar Baba

Duk wanda ya taɓa kai talabijin gyara shagon Babanmu ya san taswirar nan ta duniya. Tana manne a bango sama da teburin aiki, tsakanin agogo da ƙusar da yake rataye wayoyi. Ta tsufa har tekunanta sun koɗe, hayaƙin dalma kuma ya dafe gefenta na ƙasa. A jikinta akwai allurai masu jan kai irin na teloli, waɗanda yake ɗebowa daga gwangwanin ɗinkin Mama ba tare da ya tambaya ba. Kowace allura wuri ne da ake kuka.

Mutanen layinmu Injiniya suke ce masa, ko da yake karatunsa bai wuce aji shida ba. A coci kuwa Dattijo ne. Ya fara koyon gyaran rediyo yana ɗan shekara goma sha huɗu, a hannun wani maigida da ba ya koyarwa sai da ranƙwashi. Daga rediyo ya koma talabijin mai ƙaton baya, daga nan kuma zuwa waɗannan shafaffu na yanzu, da yake cewa ba don a gyara aka yi su ba, don a zubar ne. Shekara talatin da bakwai yana zaune a bayan akwatin da mutane ke zama a gabansa.

Tun da na yi wayo, ƙarfe shida na safe yana bakin rediyo yana jin labaran duniya. Da an gama sai mu taru a falo don sujadar gida, ya ambaci ƙasashen da ya ji ɗaya bayan ɗaya: inda ake yaƙi, inda ruwa ya ci gari, inda ƙasa ta girgiza. Yana isa shago zai soka allura. Da na shiga sakandare ya ga rubutuna yana da kyau, sai ya sayo littafi mai kauri ya naɗa ni Magatakarda. Ina rubuta rana, da wurin, da abin da ya faru, in bar fili a gefe. Ranar da aka ce ƙura ta lafa a wuri, ya zare allurar, ni kuma in rubuta a filin nan: “An ji.” Littattafai biyar na cika. Mama takan ce da a ce ana ba mai addu'a izinin shiga ƙasa, da mijinta ya zaga duniya sau goma ba tare da ya cire silifas ba.

Amma akwai tashar da Baba ba ya shiri da ita, wato ta kiɗa da rawa. Ya ce babu abin da ke tsorata shi da zamanin nan kamar yadda a tasha ɗaya ake binne mutane, ka danna sau ɗaya ka tarar ana karkaɗa jiki kamar ba a yi ba. A ganinsa an shirya wannan ne don zuciya ta mutu, mutum ya daina jin zafin maƙwabcinsa, alhali Almasihu ya ce a ƙaunace shi. Idan aka kawo masa talabijin, sai ya juya fuskarta bango kafin ya kunna, ya lalubo tashar labarai, sannan ya juyo ta. Mai aski na shagon kusa da mu kullum sai ya tsokane shi, wai ko akwatin ne ya yi laifi aka sa shi kallon bango.

A cikin wannan shago Yayana ya girma. Shi ne ɗan fari, kuma hannunsa ya fi na Baba sauri, Baban ne ma ya fara faɗa. Ƙaramin Injiniya yake kiransa. Aibinsa ɗaya a wajen aiki: ƙaramin sukudireban nan mai 'yar fitila da muke cewa testa, kullum yana cije da shi a baki kamar karan sigari. Sau dubu Baba ya ce masa ya cire, wata rana wuta za ta ja shi ta haƙori.

Sai dai ƙafar Yaya ba ta jin kiɗa ta zauna. A ƙungiyar matasan coci ya fara, ana tafa masa. Daga baya wani abokinsa ya ja shi rawa a bayan mawaƙa. Ranar da wani mai kawo gyara ya nuna wa Baba bidiyon a waya, yana zaton yabo yake kawowa, Baba ya rufe shago tun azahar. Bayan 'yan watanni aka kira Yaya wata ƙasa mai nisa, a wani shirin kiɗa da ake nunawa kai tsaye duk Asabar. Ina tsaye a ƙofar falo da kofin shayi a hannu lokacin da Baba ya ce masa: “In ka hau wancan dandali, kada ka ƙara sa ran jin sunanka a bakina.”

Yaya ya tafi. Baba kuma ya riƙe maganarsa shekara huɗu. A sujada yakan ce “yaranmu da ke nesa”, ya wuce da sauri zuwa wata ƙasa da ko sunanta ba ya iya furtawa daidai. Da ni da Mama Yaya yake waya. Ni kuma duk Asabar nakan shige ɗaki in kalle shi a wayata, murya can ƙasa. A can Walƙiya suke ce masa. Yana layin baya, na biyu daga hagu, cikin masu rawa goma.

Wata Talata ce da safe. Rediyo ya ce sojojin ƙasar da Yaya yake sun rabu biyu, ana harbi a tsakiyar babban birni, an rufe filin jirgi, an katse waya da intanet. Na ga Baba ya ajiye kofinsa a gefen tebur, rabi a kai rabi a iska, har sai da Mama ta kama shi. A sujada ya ambaci ƙasar. Muna jira idanunmu a rufe ko zai ambaci sunan Yaya, sai ya ce amin.

Na bi shi shago da littafi. Ya ɗauki allura ya tsaya a gaban taswira ya daɗe. Wurin bai kai ƙwayar wake ba. Sau biyu allurar tana faɗuwa daga hannunsa, shi da ke ɗaukar ƙusar da ba ta kai kan tururuwa ba.

Na kira lambar Yaya har na haddace muryar matar da ke cewa ba a samunsa. Saƙonnina suka jeru babu alamar sun isa. Kwana na uku aka nuna a talabijin wata unguwa da ta ƙone, muka manna fuska a gilashi muna duba waɗanda ke gudu, ba mu ma san ko unguwarsa ce ba. Mama ta daina cin abinci, tana ɗinki tana farkewa. Matan zumuntar coci suka riƙa zuwa da rana suna addu'a a falo. Baba kuwa ya bar talabijin shida a kunne a shago, kowace da tashar labaranta, yana zaune a tsakiyarsu ba ya gyara komai. Wata mata ta zo karɓar tata, ta tarar ko bayanta bai buɗe ba, ta dube shi ta koma.

Ranar Alhamis Goggo ta iso, babbar yayar Baba, ita kaɗai ce mai ce masa Auta a gaban mutane. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta fara. Ta ce ta ji labarin yana yi wa mutanen bangon duniya addu'a da sunan garinsu, amma ɗan da ya haifa ya zama “yaranmu”, sai ka ce sanarwar makaranta.

“Auta, shin Ubangiji ne bai san sunan yaron ba, ko kai ne ka manta?”

Baba ya ce ya yi magana a gaban Allah, ba zai zama mai baki biyu ba. Goggo ta ce ai tun yana tsirara ta san taurin kansa, ba sai ya jingina shi ga Allah ba.

Ni ce na kawo maganar shirin. Mun ji cewa gidan talabijin ɗin can bai daina aiki ba, kuma satalayit ɗin shago yana kamo shi. Idan shirin Asabar ya fito, za mu ga ko Yaya na ciki. Na faɗa ina jiran a tambaye ni yadda aka yi na san ranar da lokacin. Ba wanda ya tambaya.

Ranar Asabar ƙarfe huɗu na yamma muka cika shago, ni da Mama da Goggo, mai aski ma ya leƙo da almakashi a hannu. Baba ya jawo babbar talabijin. Bai juya ta bango ba. Ya danna lamba uku, tashar ta fito. Kiɗa ya tashi, fitilu na juyawa, mawaƙiya ta fito da tufafin da Goggo ta ce telan bai gama ba aka ƙwace. Ga masu rawa goma, ga Yaya na biyu daga hagu.

Mama ta durƙusa a kan wayoyin da ke ƙasa tana kuka tana gode wa Yesu. Goggo ta ɗaga hannu sama. Ni kuwa na gane jar rigar da ke jikin Yaya, na riga na ga wannan shirin. Tsohon shiri ne suka maimaita. Ina tunanin yadda zan faɗa wa Mama, sai na ji muryar Baba a hankali.

“Tashi, Maman yara. Wannan na watan jiya ne. Yanzu zai zame ya dafa ƙasa da hannun hagu, ya yi kamar da gangan ya yi.”

Yaya ya juya, ya zame, ya dafa ƙasa da hannun hagu, ya miƙe yana murmushi.

Kiɗa na ci gaba. Mai aski ya koma shagonsa. Goggo ta dubi ƙaninta ta ce, “Auta, tun yaushe?”

Ya ce tun watan farko. Duk Asabar idan ya ja ƙofar shago rabi ya ce yana aikin da ba ya son surutu, wannan ne aikin. Yana kashe murya, ya rufe rabin gilashin da kwali don kada ya ga mawaƙan da ke gaba, ya kalli layin baya. Ya ce yana duba ko yaron ya rame.

Kashegari kafin mu tafi coci, a sujadar gida, Baba ya fara da ƙasar kamar kullum. Ya ce ya yi rantsuwa cikin fushi ya kira ta aminci, a gafarta masa. Sannan ya ce, “Ubangiji, ɗana, Ƙaramin Injiniya. Ka san inda yake, ni ban sani ba.” Da aka tashi ya ce in rubuta. Ban taɓa sa sunan mutum a littafin ba, sai na ƙasashe. Na rubuta, na bar fili a gefe.

Asabar ta biyu babu shiri. Hoton tuta kawai aka bari a tashar, daga huɗu har shida Baba na zaune a gabanta. Wannan makon ya fi kowanne tsawo. Rediyo ya fara faɗin adadin waɗanda suka mutu, adadin yana hawa kowace safiya. Da waya ta yi ƙara sai mu duka mu miƙe. Na riƙa buɗe littafin ina duba wuraren da filinsu ya shekara biyar babu “An ji”, har Mama ta ƙwace ta ɓoye shi a ƙarƙashin keken ɗinki.

Asabar ta uku, kwana goma sha tara da fara harbi, shirin ya dawo. Sabo ne, kowa ya gani. Rabin fitilun ba sa ci, kujerun 'yan kallo babu kowa. Masu rawa huɗu ne. Baba ya ƙirga da yatsa a kan gilashi, ya sake ƙirgawa. Babu Yaya. Mama ta juya baya ta fuskanci taswira.

Ana tsakiyar waƙa ta biyu hoton ya karkace, kamar mai kyamara ya yi tuntuɓe, ya haska gefen dandali. Wani mutum na tsugune a bayan wata babbar lasifika, ya ba mu rabin baya, ƙafarsa ɗaya a naɗe da farin bandeji, yana haɗa waya. Bai fi ƙiftawar ido uku ba. Fuskar ba ta fito sosai ba, amma akwai testa a bakinsa.

Baba ya miƙe har kujera ta faɗi. Ya matsa dab da gilashin ya ce, “Cire wannan abu daga bakinka, ɗan nan.” Sai ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da tsumman goge hannu.

Har yau da nake wannan rubutu waya ba ta dawo ba, kuma ba mu san abin da ya sami ƙafar ba. Baba bai canza ra'ayinsa game da waƙoƙin ba, har yanzu da kwalinsa yake kallo. Na tambaye shi ko in rubuta “An ji” a gefen sunan Yaya, ya ce in saka da fensir tukuna. Allurar kuma tana nan, ya ce ba a daina harbi ba.

Ya kuma sa na buɗe sabon layi a ƙasa. Ya ce goma ne a da, an ga huɗu, an ga namu, saura biyar, kuma kowannensu akwai wanda ke zaune a gaban akwati yana ƙirga. Bai san sunayensu ba, amma shekara huɗu yana ganinsu. Shi ya riƙa faɗa ina rubutawa: mai wushirya, da dogon da ke tsakiya, da yarinyar da kullum take makara wajen juyi, da 'yan biyun nan na gefen dama.